Ruwan Bayan Asibiti

Ɗan'azumi ya riga ya ɗora hannu biyu a kan sitiyarin ƙarfen zai murɗa, sai ya ji ana ƙwala masa kira.

"Malam Ɗan'azumi! Dakata, kada ka buɗe!"

Malama Mukarrama ce, mai aiki a ɗakin gwaji. Tana tahowa da sauri da takarda a hannu, ta toshe hanci da gefen hijabi. Sau ɗaya ta taɓa takowa bayan katangar nan, ranar da ta zo da kwalabe ta ɗebi ruwa. Ba laifinta ba ne, kowa haka yake. Wurin na Ɗan'azumi ne shi da ƙudaje.

Shekara goma sha ɗaya ke nan yana gadin tafkin da duk ruwan dattin asibitin ke taruwa a ciki: na banɗaki, na wankin gyambo, na ɗakin haihuwa. Da can akwai injin da ke tace shi, a zuba masa sinadari kafin a sake shi. Injin ya mutu tun bara waccan, har tsuntsaye sun yi sheƙa a cikinsa. Abin da ya rage shi ne sitiyarin nan mai buɗe bakin tafkin. Kullum da safe sai ya murɗa shi, ruwan ya bi kwata ya gangara fadama, inda yayansa Iliyasu da sauran masu noman rani ke jira da injinan ban-ruwa. A bazarar nan da rafi ya ƙafe ƙaf, Ɗan'azumi ya zama babban mutum a fadama. Ba ya wucewa hannu rabbana, kullum sai an cika masa leda da latas da tumatur da rake.

"Ina kwana, Malama? An tashi lafiya?"

"Lafiya lau. Yaya mai jiki?"

"Da sauƙi," ya ce, don haka ake cewa. 'Yarsa Hafiza yau kwananta goma sha shida a ɗakin yara, zazzaɓi da gudawa sun mayar da ita kamar tsinke. An ba ta kafso, an yi mata allura, an canza, an sake canzawa. Ciwon ko gezau.

Malama Mukarrama ta buɗe takardar. "Sakamako ya dawo daga Zariya. Na aika da jinin Hafiza, na kuma aika da ruwan nan naka. Ƙwayar cutar da ke jikinta, irinta ce a cikin tafkin nan. An gwada mata magani shida. Biyar ko a jikinta."

"To ita wace irin cuta ce da ba ta jin magani?"

"Wadda ta saba da shi. Ka duba, duk maras lafiyar da ke nan magani yake sha, ragowarsa kuma ta fita a fitsari da bayan gida ta zo nan. Cututtukansu ma nan suke zuwa. Suna zaune tare dare da rana. Masu rauni su mutu, masu taurin kai su rayu su hayayyafa. Su ne kake sakar wa fadama."

Ɗan'azumi ya dubi ruwan, kore shar, shiru kamar bai san komai ba. Ya tuna ledar latas da raken fadama. Da hannunsa yake kai ledar nan gida.

"Saura magani ɗaya, an fara yi mata yau," ta ce. "Amma don girman Allah kada ka sake buɗewa."

"Malama, in ban buɗe ba, kafin la'asar zai cika. In ya cika, baya yake komawa."

"Ka je ka gaya wa Sakatare," ta ce, ta kawar da kai. Ita ma iyakar ikonta ke nan.

Sakataren asibitin yana ofis, fanka na kaɗawa a kansa. Ya saurare shi har ƙarshe, mutum ne mai kirki in dai sauraro ne. Ya jawo wani fayil mai kauri ya buga shi a tebur.

"Ka ga wannan? Duk takardun injin ne. Sau tara ina rubutawa Kaduna. An ce ana dubawa."

"To yau fa, ranka ya daɗe? In buɗe ko in bari?"

"Ni dai ban ce ka buɗe ba." Ya ture fayil ɗin gefe. "Ban kuma ce ka bari ruwan masai ya shigo wa majinyata ba. Kai ne ka san aikinka, Ɗan'azumi."

Ya fito ya nufi ɗakin yara. Matarsa Zulai na zaune a kan tabarma tana yi wa yarinyar fifita. Hafiza ta buɗe ido ta yi masa ɗan murmushi, ga ledar ƙarin ruwa na ɗiga a hannunta. Gadonta ne na ƙarshe, daf da ƙofar banɗaki. Da ya sunkuya zai shafa kanta, sai ya hangi kwano a ƙarƙashin gado cike da tuƙar rake.

"Wa ya kawo wannan?"

"Yaya Iliyasu ne ya aiko jiya," in ji Zulai. "Shi kaɗai take iya sha. Har feraye shi aka yi, an wanke shi tas."

"Da wane ruwa?"

Ta dube shi kamar ya zautu. "Da wane ruwa kuma? Ina ce a lambu aka wanko shi?"

Ya ɗauki kwanon da ragowar gutsattsarin raken ya kai waje ya zubar. Hafiza ta sa kuka mara ƙarfi, tana cewa Baba ya ɗauke mata rakenta. Bai iya juyowa ya dube ta ba.

Rana ta take tsaka lokacin da ya isa fadama. Hagu da dama ƙasa ta tsattsage, amma gefen kwatar nan kore ne har ƙarshen gani. Iliyasu na tsugune kusa da injinsa da ke kashe, tiyo a kwance cikin busasshen laka. Ɗan'azumi ya durƙusa ya gaishe shi, suka gaisa har kan gida da mai jiki da zafi, ba a tsallake ko ɗaya ba.

"Yau lafiya ka riƙe mana ruwa?" in ji Iliyasu. "Tun hantsi muke zuba ido."

Ɗan'azumi ya kwashe duk abin da Malama ta ce ya faɗa masa, kansa a ƙasa. Masu lambu huɗu suka matso suna saurare.

Iliyasu ya yi dariya. "Ruwan da ya fi taki? Shekara biyu muna ci muna sayarwa har Makarfi da Kudan, wa ya mutu?"

"Yaya, ɗan gidan Bobbo da aka binne da azumi fa? Shi ma an ce magani ya ƙi kama shi."

"Wannan kwanansa ne ya ƙare." Murmushin ya bar fuskar Iliyasu. Ya miƙe ya nuna lambun da hannu. "Dubi nan da kyau. Tumatur ya fara nuna. Kwana uku babu ruwa, sai dai mu sa wa wurin wuta. Gida ashirin ke ci daga nan, har da naka. In ka rufe, ka nuna mini inda za mu samo wani. Nuna mini, wallahi yau ɗin nan in ɗauke tiyona."

Ɗan'azumi ya duba gabas ya duba yamma. Babu.

"Hafiza 'yata ce kamar yadda take taka," Iliyasu ya ƙara, muryarsa ta yi laushi. Ya shiga cikin rake ya saro biyu masu kauri, ya feraye su, ya tsoma a ɗan guntun ruwan da ya kwanta a ramin inji, ya goge da hannun riga. "Ungo, kai wa uwata Hafiza. Ka ce ina gaishe ta."

Mutum ba ya mayar wa yayansa hannu a gaban mutane. Ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya. Sai da ya sha kwana ya jefa su cikin ƙaya, ya tsaya yana goge tafinsa da ƙasa, hawaye na bin kuncinsa.

Ya yi sallar azahar a gindin katanga, ya zauna yana kallon tafkin. Akwai wani jan layi da aka zana a jikin siminti tun zamanin da injin ke aiki. Ruwan ya taɓa shi, ya haɗiye shi, ya wuce. Ya gwada kiran mai tankar kwashe masai, aka ce motar tana garejin Zariya ba taya. Ya ɗauki bokiti ya fara kwasa yana watsawa a kan yashi, ya yi ashirin, ya ga kamar yana wasa ne. Ya ajiye.

Ana kiran la'asar sai ga Zulai a guje, ko mayafi ba ta tsaya gyarawa ba.

"Malam! Banɗakin ɗakin yara ya tumbatsa! Ruwa na fitowa ta ƙasa, ya kai ƙafar gadon Hafiza. Na naɗe tabarma, ana ta ɗaga yara. Kana zaune a nan kana kallo?"

"Zulai, in na buɗe, can zai tafi. Yaran can fa?"

"Ni ban san na can ba," ta ce tana haki. "Tawa na sani."

Ya miƙe a hankali kamar tsoho. Ya waiwaya wajen ɗakin gwaji. Malama Mukarrama na tsaye a taga tana kallonsa, takardar na hannunta har yanzu. Ya jira ta ɗaga hannu, ta yi magana, ko ta girgiza kai. Sai ta saki labule.

Ya kama sitiyarin, ya yi bisimilla, ya murɗa. Ƙarfen ya yi ƙara, ruwan ya kwararo cikin kwata da ƙarfinsa, ya yi gangare. Zulai ta juya da gudu ta koma ciki.

Bai jima ba ya ji injin farko ya tashi a fadama, sai na biyu, sai na uku. Daga can nesa wani ya ɗaga murya, muryar Iliyasu ce, cike da farin ciki.

"Ɗan'azumi! Allah ya yi maka albarka! Allah ya ba Hafiza lafiya!"

Hannunsa na kan sitiyarin. Bakinsa ya motsa, amma amin ɗin ta ƙi fita.