Motar da Gwaggo Take Saurare

Tela ya ce ƙarfe bakwai na safiyar Asabar za su tashi, amma tara ta yi musu a ƙofar gida. Takalmin Auta ƙafa ɗaya ya ɓace, sai a ƙarƙashin keken ɗinki aka gano shi. Babbar 'yarsa ta dage sai ta tafi da littattafanta saboda jarrabawar Litinin. Uwar yaran ta koma ciki sau biyu, na farko don ta duba ko ta kashe wuta, na biyu don ta manta ko ta duba. Shi kansa sai da wata mata ta tare shi a bakin shago kan rigar da ya yi mata alkawari tun makon jiya, ya rabu da ita da sabon alkawari.

Shekara biyu da 'yan watanni rabonsa da gidan Gwaggo, ƙanwar mahaifinsa, wadda ta riƙe shi shekara huɗu bayan rasuwar mahaifiyarsa. Tafiyar awa uku ce kacal. Kullum cewa yake mako mai zuwa, mako mai zuwan kuma ya zo da ɗinkin gaggawa, ko zazzaɓin Auta, ko taron iyaye a makaranta. Duk gaskiya ne. Sai dai a kan hanyar nan, yana riƙe da sitiyari yara suna rigimar wa zai zauna kusa da taga, ya tambayi kansa ko aiki ne ya tare masa hanya, ko kuwa maganar motar.

Ba wannan da yake tuƙawa ba, motar mahaifinsa, tsohuwa, ruwan toka. A gida Mai Tari ake ce mata, domin in za ta sha kwana sai ta yi tari uku kafin ta yarda. Suna yara, Asabar ɗin ƙarshen kowane wata mahaifinsu yakan loda su a baya, ƙofar hagu ɗaure da igiya, su nufi gidan Gwaggo. Tun daga kwanar gidan mai take jin su. Kafin su tsaya ta ɗora ruwan shayi, ta fito bakin ƙofa tana yi wa yayanta tsiya, wai duk unguwa an san baƙinta sun zo, sai dai ba a san ko mota ce ko akuya mai mura ba. Shi kuma ya ce ai ita ce ba ta gode wa Allah, wasu 'yan'uwan nasu a ƙafa suke zuwa.

Da mahaifin ya rasu, motar ta dawo hannun Tela. A shekarun ne idon Gwaggo ya dushe, har ya tafi gaba ɗaya. Daga baya injin Mai Tari ya buga bugun da makaniki ya ce ba tashi, Tela ya bar wa 'yan gwangwan ita, ya tsaya yana kallo suka ja ta. Kwana uku bayan haka Gwaggo ta kira shi a waya, bayan gaisuwa ta tambayi motar Yaya, kamar yadda take tambayar lafiyar yara. Bakinsa ya riga shi.

"Tana nan, Gwaggo, tana ta tarinta."

Ta yi dariya har da shaƙewa. Tun daga ranar duk waya sai ta tambaya, duk waya sai ya maimaita. Ɗanta da matarsa, waɗanda take zaune da su, ya roƙe su su rufa masa asiri.

Sun wuce rabin hanya, bayan an tsaya Auta ta yi fitsari an sayi lemu, ya rage rediyo ya faɗa wa yaran shirinsa. Za su ajiye wannan motar a kwanar gidan mai su ƙarasa a ƙafa. In Gwaggo ta tambaya, a ce an bar ta can a duba mata taya. Kada wanda ya ce sabuwa ce.

Uwar yaran ta ci gaba da ɓare lemu. Babbar 'yar ce ta ɗago daga littafinta.

"Baba, wannan ba ƙarya ba ce?"

Ya ce mata akwai maganar da ake yi don cuta, akwai wadda ake yi don tausayi, in ta girma za ta gane bambancin. Ta ce to, ta koma karatunta. Amsar ta yi masa daɗin faɗa, amma ba ta zauna masa ba. Shekara talatin yana ɗinki, ya san yadda ake ɓoye yagewa a cikin kalmasa, ya kuma san wanki nawa take jurewa.

Unguwar ta sauya. Inda filin ƙwallo yake an yi shaguna, bishiyar bakin famfo an sare ta. Gidan mai dai yana nan. Suka sauke kaya, kowa ya ɗauki abin da zai iya, suka taka layin, Auta tana ƙorafin rana.

Matar ɗan Gwaggo ce ta buɗe musu. Tsohuwar tana zaune a kujerar roba jikin tagar da ke kallon titi, fuskarta a karkace, kunnen dama wajen taga. Rediyonta yana kan tebur a kashe. Matar ta raɗa wa uwar yaran cewa ranar Asabar ba ta yarda a kunna shi, tun safe nan take zama har la'asar.

Aka gaisa. Gwaggo ta shafa kan Auta da kumatunta, ta ce ƙawarta ta yi tsawo amma har yau ba ta kawo mata ko alawa ba. Ta kama hannun babbar, ta ce wannan hannun na uwar Tela ne sak. Ta yi wa uwar yaran sannu da fama da rigimammen mutum. Sannan ta juyo inda take jin numfashinsa.

"Ɗan Yaya, kun shammace ni. Ko ruwa ban ɗora ba. Ina motar?"

Ya ce sun bar ta a kwanar gidan mai, taya ake dubawa.

Hannunta ya tafi kunnenta a hankali, ta taɓa shi kamar mai taɓa ciwo.

"A kwanar gidan mai," ta ce. "Ai daga can nake jin ta. Tun safe ina nan, ko tashi ban yi ba." Ta sauke hannun a cinyarta. "To, shi ke nan. Ido ya tafi, kunne ma ya bi shi. Dama shi kaɗai ya rage min."

Tela ya ji idon 'yarsa a gefen fuskarsa, bai juya ba. Shi dai yana ganin ɓacin ran rana ɗaya ya tare mata. Bai taɓa lissafa Asabar ɗin da ta yi a jikin tagar nan tana tace ƙarar motocin titi ɗaya bayan ɗaya ba.

Ya durƙusa gaban kujerar, ya faɗa mata. Injin, makaniki, 'yan gwangwan, wayar da ta yi kwana uku bayan haka. Ya ce kunnenta lafiya lau, motar ce babu, shekara biyu ke nan.

Hawaye ya zubo mata ta ido ɗaya, ta goge da bakin mayafi. Ta ce ƙarfe dai ƙarfe ne, wanda ya saye ta ma ya tafi, balle ita. Abin da ya yi mata ciwo shi ne ya bar ta tana jiran abin da ya san ba zai zo ba. Ta lalubo kunnensa ta murɗe, yadda take yi masa yana ɗan shekara tara, har Auta ta tuntsire da dariya.

"Tashi ka kawo min sabuwar in ji muryarta."

Ya je ya kawo ta ƙofar gida. Gwaggo ta saurara, ta taɓe baki, ta ce wannan ai munafuka ce, tafiya take kamar ɓarawo. Ta sa shi ya koma kwanar gidan mai ya sake tahowa. Ya koma. Ta ce ya ƙara. A karo na uku babbar 'yar ta leƙo ta taga ta ce Gwaggo ta ce akwai wani ɗan kuka da motar take yi in ya taka burki a bakin kwalbati, kada ya kuskura ya kai a gyara.

A karo na huɗu, tun bai kai kwalbatin ba ya hango uwar yaran a bakin ƙofa tana dariya tana yi masa alama da hannu. Da ya kashe mota ya shiga, ruwan shayi yana kan wuta.