Layukan da Mai Tsintsiya Ta Share

…wai gyaran tsari. Tsari! Yana zaune ya zuba wa allon ido, layukan da aka goge ja a hagu, sababbi kore a dama, kuma duk jan nan nasa ne. Mai Tsintsiya, sabuwar injiniyar nan, ta bi layukansa ta share kamar ta tarar da bola a ƙofar gida. Dokar ofis kuwa, ba a shigar da gyara cikin manhaja sai wanda ya rubuta tsohon ya sa hannu. Shi zai miƙa wuya, shi kuma zai riƙe wuƙar.

Me ta sani? Kwamfuta ta yi wa saba, wato uwar kwamfutocin, sallama, saba ta ba ta shaida, ta dawo da shaidar, sannan a yarda ita ce a buɗe mata fayiloli. A baki kamar shan ruwa. To wadda ta mutu ta sake tashi fa? Wadda ta zo da sunan wata? Hanya uku ya yi musu, kowace da lungunta — ita ta dunƙule su wuri guda, har da ɗan bayani a sama, rainin wayo!

"Wurin nan kada kowa ya taɓa sai shi," in ji Oga shekarar da aka rage ma'aikata, kujeru biyu gefensa suka koma wayam, tasa ta tsaya. Saboda lungunan nan. Ba don kyan fuskarsa ba.

Dole akwai kuskure. Dole. A nan za ta goge tsohuwar rajistar kwamfuta kafin sabuwar ta tabbata, makullan fayilolin mutane su zube… a'a, ta jira. To in kwamfutoci biyu suka dawo da shaida lokaci guda? Ta kulle ƙofa kafin ta duba. Tsaki. Ga ta can tana shan shayi tana dariya da mai gyaran waya, ko ta waiwayo.

"Baba, aikin me kake yi ne a ofis?" Autarsa, da safe, tana ɗaura takalmi. Gadi, ya ce mata, ina gadin wata ƙofa. Ta yi ta dariya.

Gwajin da ya kunna wa gyaran ya ƙare, ba kuskure ko ɗaya. Kore, kore, kore. Ya tsani koren nan, ya tsani Mai Tsintsiya, wallahi ya tsane ta. Ya koma layin farko yana bi da yatsa, a hankali, ko waƙafi ne ya kama. Hanya ta biyu da ta uku… dakata. Ashe abu ɗaya suke yi? Tun asali? Shekara da shekaru yana tsoron taɓa ta ukun, yana hana kowa leƙawa, don shi kansa bai san aikinta ba —

Yanzu kam ya gane. Kowa ma zai gane.

"Yaya, ka samu dubawa?" Tana tsaye a kansa, kofi a hannu.

Yatsansa na kan maɓallin amincewa, ya yi nauyi kamar ba nasa ba.