Kwanon Yaya Labbo

Na tsani tambayar nan ta "Ya ci abinci?" Wallahi na tsane ta. A gidanmu na Argungu ita ce ma'aunin lafiya: in majinyaci ya maido kwano wayam, shi ke nan, ya warke.

Yayana Labbo manomin shinkafa ne, ƙato, mai ɗaga buhu shi kaɗai. Taifot ya huda masa hanji, aka kai shi asibiti a Birnin Kebbi, aka yanke inda ya ruɓe. Da yawa aka yanke. Ni ke jinyarsa, don haka ni likita ta ja gefe.

"Mansura, ciki niƙa kawai yake yi," in ji ta. "Ƙaramin hanji ke tsotse amfanin abinci ya tura cikin jini. Na yayanki saura ɗan guntu, abinci zai wuce kafin jiki ya samu rabonsa. A ba shi kaɗan-kaɗan, ban da maiƙo da zaƙi. Ko hakan ma, sai addu'a."

Da muka dawo gida na faɗa wa Umma, mahaifiyarmu. Ta dube ni sheƙeƙe.

"Ke, rufe mani baki! Ɗan nawa za ki ba abinci awa tsuntsu? Mutum na ci, mi ya rage?"

Sai kwanuka suka fara shigowa. Tuwon shinkafa da man shanu, romon kifi giwan ruwa, fura da sukari. Shi kuwa Yaya yunwa ba ta barinsa. Ya share, ya suɗe hannu, Umma ta yi ta hamdala tana aika wa dangi cewa sauƙi ya samu. Ni ke kai shi bayi tun ba a wanke kwanon ba. Ni ke ƙara tsuke mazagin wandonsa. Na yi faɗa, na yi kuka, na ɓoye kwano, aka ce ina yi wa marar lafiya rowa.

Rannan na roƙe shi ya rage. Ya yi murmushi.

"Na sani, ƙanwata. Ko na rage, abincin ba tsayawa za shi yi ba. Bar Umma ta ji daɗi."

Wata Talata da hantsi ya cika, bayan ya karya. Na ja zane na rufe shi. Umma ta shigo, ba ta dubi gadon ba. Ta durƙusa ta ɗauki kwanon, ta leƙa cikinsa, ta miƙo mini.

"Mansura, duba mani," ta ce. "Ai ya canye."