Sunana a Cikin Ƙwarya

Daren jiya mafarki ya ɗora ni a kan Akawal, baƙin dokin mahaifina, dokin da ya mutu tun ina saurayi. Ban yi mamaki ba. Dokin ma bai yi ba, ya dai waiwayo ya ce na yi ƙiba.

Linzami yana hannuna na dama. A na hagu akwai ƙwarya rufe da faifai, cikinta kuwa sunana ne, Zubairu, yana kaɗawa kamar ruwa. Inna zan kai wa. Ni ne ɗanta na fari, don haka tun da ta haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kuma yarda mu haɗa ido, saboda kunya. Amma tun da tsufa ya taɓa mata tunani, sai ta zuba mini ido, ta gaishe ni da ladabi, ta ce, Malam daga ina? Wannan ladabin yana ci mini rai fiye da zagi. Na ƙudurta cewa in sunan ya isa hannunta, za ta gane ni.

Gidanmu yana bayan daji, hanyar kuma siririya ce. A ƙasar nan ruwa sama yake zuba, na ga kududdufi yana tashi ɗigo-ɗigo yana komawa gajimare. Na ƙara danne faifan da babban yatsa.

Sai ga mugun dawa zaune a tsakiyar hanya, yana yi wa kunkuru aski. Kunnuwan Akawal suka miƙe. Na tuna abin da Baba ya koya mini: doki ta gwiwar mahayi yake jin tsoro, in kun yi kiciɓis da naman daji kada ka ja linzami, kada ka juya da gudu, ka bar dokin ya kalla ya ƙoshi, ka yi masa magana ƙasa-ƙasa. Ni kuwa mutum ne mai riƙo, komai na kama sai na matse. Duk da haka na daure, muka tsaya har aka gama askin. Mugun dawa ya ba mu haƙuri, ya janye tabarmarsa.

Daga nan muka tsinci kanmu a fadama. Ɓauna ta fito daga ciyawa, ta tare hanya, numfashinta har fuskata. Ƙwaryar ta karkace, sunana yana neman tuɗowa. Na saki linzamin gaba ɗaya, na rungume ƙwaryar da hannu biyu.

Ɓauna ta ce, “Wane ne mai jin tsoro a cikinku?”

Akawal ya ce, “Rabawa muka yi, amma shi ya ɗauki babban kaso.”

Ta daɗe tana kallonmu, Akawal ma yana kallonta. Daga bisani ta ce ita ma tsoro ne ya fito da ita, ta ji ƙamshin mutum. Ta tambaya ko mun ga inuwarta a hanya, muka ce a'a, ta koma cikin ciyawa.

Na ɗauki linzami ina jin kaina namijin duniya. Har na fara hango rufin zaurenmu, sai wata zabuwa ta tashi fir daga gindin sabara. Zabuwa fa, wadda ake yanka wa baƙo. Akawal ko gezau bai yi ba. Ni ne na zabura, na fizgi linzami da ƙarfi, ya yi tsaye da ƙafa biyu, faifan ya zame. Ina ji ina gani sunana ya tashi sama, ya bi gajimare.

Inna tana zaune a ƙofar zaure tana tsince shinkafa. Ta yi wa dokin sannu da zuwa, ta kira shi da sunansa, ta tambaye shi gajiya. Na miƙa mata ƙwaryar da ba komai a ciki.

Ba ta karɓa ba. Ta ja mayafi, ta kau da fuska wajen bango, ta ce da dokin, “Ka ce wa wannan ya sauko ya ci abinci, ya yi ta yawo a rana.”

Wannan. Haka take ce mini tun ina rarrafe. Wani daɗi ya cika mini ƙirji, na cire ƙafa daga likkafa zan sauka.

Ƙarar moɗa tana bugun randa ce ta tashe ni. Inna ce a tsakar gida take ɗiban ruwan alwala. Na daɗe a kwance ban fita gaishe ta ba, don muddin ban fita ba, fuskarta tana wajen bango.