Kwana Goma a Nan, Kwana Tara a Can

Ku yi haƙuri da karambanina. Ban taɓa rubuta labari ba, karanta na wasu kawai na iya.

Wata uku ke nan ina koyon aiki a wani ofishin kargo a Port Saeed. Elkana, wanda teburinsa ke kusa da nawa, shi ya rubuta mana fakej a yaren kwamfuta da ake kira R, wato ƙunshin umarnin da ke lissafa kwanakin aikin da kwantena za ta yi kafin ta fita. Ranar Talata kwamfutarsa ta ce kwana goma, ta Oga Mu'awiya ta ce tara. Kwantena ɗaya, fakej ɗaya.

Oga ya daɗe yana kallonsa ta saman tabarau.

"An gan ka a unguwar Hor Al Anz kana shan shayi da ejan ɗin kamfanin da ke gasa da mu. Ƙara mana kwana kake yi don kwastomomi su koma wajensa?"

"Haba Oga, kicin ɗaya muke girki da shi. In daina gaishe shi?"

"Khalas, ya isa. Kafin la'asar ka nuna min inda ka taɓa, in ba haka ba ka nemi wanda zai riƙe maka biza."

Gaskiya ni ma na zarge shi. Na bi duk gyaran da ya yi layi-layi, ina satar kallonsa yana goge gumi duk da sanyin esi. Ban ga komai ba, sai na ƙara zarginsa, na ce lallai ya iya ɓoyewa.

Da Oga zai tafi azahar ya turo min kwamfutarsa. "Khairunnisa, ke mai son karatu, duba min."

Na tambayi R daga ina take ɗauko fakej ɗin. Ta nuna wuri biyu, kuma na farkon take amfani da shi. Tsohon kwafi ne, na lokacin da ofis ke hutun Juma'a da Asabar, kafin a koma Asabar da Lahadi. Shi ya sa ya cinye Juma'ar ƙarshe.

Wa ya sa shi? Na duba ranar da aka saka shi. Ranar da intanet ta ɗauke ce, da Oga ya ce in saka masa fakej, na kwafo shi daga wani filas ɗin kwamfuta da ke durowa ban tambayi kowa ba.

Na goge tsohon, na sake gwadawa. Goma.

Na rubuta a takarda: "Elkana bai taɓa komai ba. Ni na saka tsohon kwafi." Na danne ta da kofin Oga.

Ya dawo, ya ga goman, bai kai ga takardar ba tukuna.

"Elkana, habibi, zo ka gani! To wane munafukin ne?"

Su biyun suka duƙa a kan allo. Na ɗauki jakata da littafina, na bi ta matakala don kada ƙarar lif ta tona ni.