Jaririn Da Ba Ya Faɗuwa

Ƙarar ba ta da yawa, tim ɗaya ce kawai, amma sai da Malama ta zabura. Jaririn roba ne ya faɗi a kan siminti, kansa ya fara sauka, ya mirgina ya tsaya a gindin gadon gwaji.

Wadda ta yar da shi kuwa Gwana ce, ɗalibar da duk sashen koyon aikin ungozoma na jami'ar ke tinƙaho da ita. Kuma ba suɓuce mata ya yi ba. Malama na tsaye a gefenta, ta gani da idonta. Yarinyar ta karɓi jaririn yadda ya kamata, ta goge shi da tawul, ta ɗaga shi daidai ƙirjinta, sannan ta buɗe hannuwa biyu cikin natsuwa ta bar shi a iska, ta juya za ta ɗauko almakashin yanke cibiya.

"Ke!" in ji Malama. "Me kika yi haka?"

Gwana ta dubi inda ta bar shi a sama, sannan ta dubi ƙasa. "Malama, wallahi na ɗauka zai tsaya."

"Ya tsaya a kan me? A kan iska?"

Gwana ta sunkuya ta ɗauko jaririn.

Wannan ajin ne na farko da aka koyar da tabarau, wato na'urar da ake ɗaurawa a ido, mutum ya ga kansa tsulum a cikin ɗakin haihuwa, ga mai naƙuda tana nishi, ga jariri yana tsala kuka. Malama ce ta kafe kai da fata sai da aka sayo su, domin jaririn roba guda ɗaya gare su, ɗalibai kuwa sun cika aji har bakin ƙofa. Da tabarau kowace ta karɓi haihuwa har ta gaji. Sai yau ne aka dawo gwaji da hannu, saboda mako mai zuwa za a tura su asibiti su taɓa 'ya'yan mutane, kuma amincewar Malama kaɗai ake jira.

Ta ce a ranta ƙila tsoron jarrabawa ne. Ta sa aka shimfiɗa katifa a ƙasa, ta kira ta biyu. Wannan ba ta saki jaririn ba, amma da ta gama da almakashi sai ta ajiye shi a gefenta, inda babu tebur babu komai, ya faɗi kusa da yatsun ƙafarta. Ta uku tawul ta rataye a iska. Ta huɗu, wata mai bakin tsiya da ta gama yi wa Gwana dariya ƙasa-ƙasa, hannuwanta sun fara buɗewa ta ankara, ta ƙanƙame robar a ƙirji ta fashe da kuka. Yanzu Malama ta tabbata ba laifin yarinya ɗaya ba ne.

Ta nufi ofishin Injiniya, mutumin da ya tsara darussan a kwamfuta. Ta same shi a cikin tarin wayoyi, fanka na kaɗa masa takardu, yana gyaran igiyar wani tabarau. Ko gaisuwa ba ta tsaya yi ba ta zayyana masa abin da ya faru.

Injiniya ya saki baki. Can ya ce, "Ranki ya daɗe, ai ke kika ce a cire."

"A cire me?"

"Nauyin kaya. Kin tuna farkon zango, da suke ta yar da abubuwa? Su sunkuya ɗauka, su buga goshi a kujera, wata har jiri ya kwashe ta. Kika ce lokacin darasi na tafiya a tsince-tsince, in yi yadda zan yi kaya su daina faɗuwa."

Ta tuna. Har godiya ta yi masa a ranar.

"Har da jaririn?" ta tambaya a hankali.

"Komai kika ce. Kwamfuta ba ta san jariri ba, ba ta san bokiti ba. Duk abin da aka saki, nan yake tsayawa yana jiran mai shi."

Malama ta nemi kujera ta zauna. Zango guda cur tana koya wa hannuwan yaran nan ƙarya, tana kuma ba su maki mai kyau a kai.

Da ta kai wa shugaban sashe zancen a ɗage tafiya asibiti, bai ji daɗi ba. Ya ce asibiti na jira, an riga an yi shela, kuma ai yara ne masu hankali, a ja musu kunne kawai.

"Yallaɓai, kansu ya sani," in ji ta. "Hannunsu ne bai sani ba, shi kuwa hannu ba ya jin jan kunne. Ko ɗaya ba za ta taɓa ɗan mutane ba sai na ga ta daina."

Ta koma gida da la'asar. 'Yarta, wadda ta zo kwana biyu da sabon jaririnta, tana tsakar ɗaki tana jijjiga shi.

"Yauwa Umma, sannu da zuwa. Riƙe min shi in sauke ruwan zafi."

Malama ta miƙa hannu, sai ta tsaya tana kallonsu. Waɗannan hannuwan sun karɓi haihuwa tun kafin a haifi ɗalibanta. Amma kowane darasi na tabaran nan ita ta fara gwada shi, ta maimaita, ta sake maimaitawa. Babu ɗalibar da ta kai ta daɗewa a ciki. Tsoro ya kama ta, ta mayar da hannuwan baya.

"Umma, lafiya?"

"Bari in zauna a ƙasa tukuna," in ji Malama. Ta zauna, ta miƙe ƙafafu. "Ɗora min shi a cinya. Kuma kada ki yi nisa."