Tulun da ke kan Mangwaro

"Ba zan fesa ba, Yaya."

Auta ta faɗa ba tare da ta ɗaga murya ba, ta ture kwalbar maganin ƙwarin da ya dire mata a bakin rijiya. Yayan ya dubi lambun bayan gida, inda ganyen kuɓewa da na gauta suka koma kamar rariya. Ya ce shi ba shawara ya kawo ba. Tun rasuwar Inna shi ne babba a gidan, kuma ba zai zuba ido miyar shekara ta ƙare a cikin ƙwaro ba. Ta amsa cewa ta karanta abin da ke jikin kwalbar tsaf, abin da zai kashe ƙwaron shi zai kashe zuma.

A kan mangwaron da ke tsakiyar lambun akwai wani tsohon tulu da Inna ta rataye da hannunta, ƙudan zuma suka tare a ciki. Bara da maƙwabci ya yi feshi, Auta ce ta share gawarwakinsu da tsintsiya. 'Yan kaɗan da suka tsira su kaɗai suka rage masu motsi a cikin abin da Inna ta bari.

Yaya ya ɗauki kwalbarsa, ya ce to lambun ya zama nata, kada kowa ya sake kiransa a kai. Daga ranar ya daina amsa gaisuwarta sai da ka.

Ƙwarin kuwa, 'yan tsalle ake ce musu a gidan. Baƙaƙe ne, ba su fi ƙwayar riɗi ba, suna sheƙi kamar an shafa musu mai. Da inuwar mutum ta faɗa musu sai su tashi gaba ɗaya kamar ƙuma, ka ji tas-tas a kan ganye kamar farkon yayyafi. Ko Auta da ke yaƙi da su, wani lokaci sai ta tsaya tana kallo baki sake. Wannan ɗan mitsitsin abu, wa ya ɗaura masa ƙafar da ke jefa shi sama haka?

Ta fara da toka, tana barbaɗawa da sassafe kafin raɓa ta bushe. Ruwa ya sauko ya wanke. Sai ta kwance wani tsohon gidan sauro ta lulluɓe gautan, ta danne gefensa da duwatsu. Da ta yaye bayan 'yan kwanaki, ba ganye sai jijiyoyi. Ashe ƙwarin suna cikin ƙasar tun kafin ta rufe, ta kulle ɓarawo tare da kaya.

Kaka, wadda ke zaune a inuwa tana jan carbi, ta yi dariya har da riƙe ciki.

"'Yar boko, kin gina musu ɗaki kin ba su abinci. Saura ki kai musu ruwan wanke hannu."

"Ke dai tsohuwa, ki tanadi haƙoran cin kuɓewa, in kina da su."

Auta ta juya baya ta share ƙwalla da gefen ɗankwali, ta tuge mataccen shukan. Washegari ta jiƙa ƙaro ya yi danƙo, ta shafe wani faffaɗan kwali da shi. Idan rana ta take, lokacin da 'yan tsalle suka fi rawar kai, sai ta bi layin kuɓewa a sunkuye, tana wucewa da kwalin a saman ganye. Tsallen da suke taƙama da shi, shi ke kai su cikin danƙon. Kullum ta kankare, ta sake shafawa, ta sake sunkuyawa. Bayanta ya riƙe, wuyanta ya ƙone, maƙwabta suna leƙowa ta katanga suna tambaya ko fifita take yi wa kuɓewa.

Layin da ke jikin katanga shi ya jure. Sabon ganye ya riƙa fitowa da sauri fiye da yadda ake huda shi, har shukan ya kai mata ƙugu. Wata safiya ta fito da kwalinta, sai ta tsaya cik. Furanni sun buɗe, ruwan ɗorawa da jan ciki, kuma daga tulun zuma na saukowa suna shiga cikinsu, suna fitowa fututu da gari kamar masu dawowa daga niƙa. Gunjinsu ya cika lambun, har tana jinsa a ƙirjinta. Kaka ta dogaro sandarta ta tsaya kusa da ita, wannan karon ba tsokana.

"Ikon Allah," ta ce a hankali. "Kamar uwarku tana nan."

Zumar ta rayu. Gautan kuwa ya tafi ƙurmus, kuɓewa layi ɗaya ta tsira, busasshiyarta ba ta ko cika gwangwani ba. Gidan ya sha miya tsululu har wata damina, kuma duk tsawon lokacin Yaya bai ƙara kiran Auta da bakinsa ba, sai dai ya ce a faɗa wa waccan.